Faifai Shida a Motar Kafili

Motar da na fi daɗewa ina tuƙawa a Riyad ba tawa ba ce, kuma a cikinta na tsinci kiɗan da na fi so a duniya. Shekara goma na yi tare da kiɗan nan. Har yau ban san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka yi kiɗan ba, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa.

Daga Funtuwa na zo ƙasar nan da takardar direban gida. Kafin nan bas nake ja tsakanin Funtuwa da Zariya, inda kunne ba ya hutawa: 'yan kamasho na ihu, fasinjoji na faɗa a kan kujerar gaba, wani na ba ka labarin da ba ka tambaye shi ba. Da na iso nan sai aka nuna mini ɗaki a jikin katangar gidan kafilina, wato dattijon da ya ɗauko ni aiki, wanda sunansa ke kan iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar. Ƙofar ɗakin titi take kallo, ba cikin gida ba. Abinci ta wata 'yar taga ake miƙo shi. In ana son mota waya za ta yi ƙara, a ce "yalla", wato mu tafi, a kashe. Akwai ranakun da in ka cire salla, abin da ya fito daga bakina tun safe bai wuce "na'am" da "hadir" ba, wato "to, an gama". Ni da ake ce wa parrot a tasha saboda surutu, sai ga shi ina gyaran murya don in tabbatar tana nan.

Aikin direban gida tuƙi kaɗan ne, jira ne mai yawa. Matar kafilina, wadda duk muke kira Mama, in ta shiga kasuwar Dira neman turare da yadi, sai dai ka yi haƙuri. A wancan lokacin da an kira salla ake rufe shaguna, to in lokaci ya kama ta a ciki jiran ya ninka ke nan. Ka je ka yi sallarka ka dawo, ka zauna a mota da inji a kunne saboda sanyi, ka zuba wa katangar tsohuwar fadar Masmak ido har ka haddace tsagunta.

A irin wannan zaman ne, wata na biyu da zuwana, ina lalube a rediyo ko zan dace da harshen da nake ji, na danna wani maɓalli da ban sani ba. Sai na ji ƙas-ƙas daga bayan mota, sannan wata irin ƙara ta cika ko'ina. Na kashe inji da sauri, na fito, na buɗe gaban mota ina leƙe, don na ɗauka na lalata wa Balarabe mota. Sai da na sake tayarwa na gane kiɗa ne: jita mai amfani da lantarki, da ganguna, da wani Bature yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Na ce a'uzubillahi, na kashe. Bayan minti goma na sake kunnawa, saboda ko ba komai murya ce.

Daga baya na gano daga inda abin yake fitowa. A but, bayan wani murfi a gefe, akwai ɗan akwati baƙi mai cin faifan CD shida. Mai aikin gidan ta gaya mini ta taga cewa motar a da ta babban ɗan kafili ce, wanda ya tafi karatu ƙasar waje tun kafin in zo. Ya tafi ya bar faifansa a ciki, kowa ya manta. Ban taɓa ciro akwatin ba. Da farko dai ba nawa ba ne. Sannan ina tsoron in na ciro shi ya ƙi komawa. Saboda haka ban taɓa ganin fuskar faifan ba, lamba kawai nake gani a allon rediyo, ɗaya zuwa shida, sai lambar waƙa a gefenta.

Turancina na sakandare ne, yana kai ni asibiti ya dawo da ni, amma in an sa shi cikin waƙa ana ja ana ihu sai in tsinci kalma ɗaya a cikin goma. Wani direba ɗan Filifin ne ya gaya mini sunan irin kiɗan. Muna jira a ƙofar jami'ar mata, gilashina a ɗan sauke, sai na ga mutum ya tsaya yana kaɗa kai. Ya ce, "Rok! Tsohon rok, na lokacin da nake saurayi!" Ya ɗaga babban yatsa. Na buɗe baki zan tambaye shi su wane ne, sai 'yar gidansu ta fito, ya ruga ya buɗe mata ƙofa. Na yi wata guda ina ajiye mota a wuri ɗaya ko zan sake ganinsa, ban sake ba.

Tunda ba ni da sunayensu, sai na raɗa musu nawa. Na ɗaya Mafaɗaci ne, shi ne wanda ya sa na buɗe gaban mota. Shi nake sawa ranar da aka yi mini tsawa a kan laifin da ba nawa ba, ranar da 'yar gida ta makara ta ce ni na makara. Yana yi mini faɗan da ba ni da bakin yi, in ya gama sai in ji na huce. Na biyu mace ce mai kaurin murya, na sa mata Gwaggo, don tana rera waƙa kamar mai yi wa mutum nasiha tana hararansa. Na uku yana da tabo, a tsakiyar waƙa ta biyar yake tsalle ya maimaita gaɓa ɗaya sau uku kafin ya wuce. Na saba da tsallen har ya zame mini cikin waƙar.

Na shida a gaban taro aka ɗauke shi. Tsakanin waƙa da waƙa ana jin dubban mutane na tafi da sowa, wani na fito, mawaƙin ya yi magana su yi dariya. Ban san abin da ya ce ba, amma ni ma a nan nake murmushi, shekara goma, a daidai wurin. In kaɗaici ya yi mini yawa shi nake sawa, mota ta cika da mutane. Wani lokacin kuma shi ne ba na iya ji, don in ya ƙare shirun da ke biyo baya ya fi na farko nauyi.

Amma na huɗu shi ne nawa. Ban sa masa suna ba. Da jita ɗaya yake farawa, a hankali, kamar mutum yana taka tsakar gida don kada ya ta da masu barci, sai can ganga ta shigo. Mai waƙar ba ya ihu. Yana yi ne kamar yana magana da wanda ya riga ya juya baya ya tafi. Ranar Juma'a da yamma, in an ba ni hutu, nakan ɗauki hanyar Dir'iyya, lokacin ba a cika wurin da injinan gini ba, in tsaya a gefen kwarin inda dabinai suke, in ji shi daga farko har ƙarshe. A nan na ji labarin haihuwar 'yata ta ƙarshe ta waya. A nan kuma na zauna bayan an gaya mini rasuwar mahaifiyata, an riga an kai ta, ni ina nan da makullin motar wani a hannu. Ban kunna komai ba ranar, amma kwana bakwai bayan nan na kunna na huɗu na yi kukan da ban yi ba a ɗaki.

Kada a ɗauka ban san abin da nake yi ba. Gidan malamai na tashi, inda ko kalangu aka ji a bakin ƙofa sai an aika a ce su matsa gaba. Nakan yi istigfari bayan na kashe, da azumi kuma ba na taɓa maɓallin sam. Da na hango Mama ko 'ya'yanta sun nufo mota nake mayar da rediyo tashar karatun Alƙur'ani. Sau ɗaya na gwada sa wa matata ta waya, don ta ji abin da nake ji. Ta saurara kaɗan ta ce, "Malam, injin niƙa kuka saya?" Muka yi dariya, ban sake ba.

Sau ɗaya kuma asirina ya kusa tonuwa a wajen 'yan'uwa. Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, mai gadin wani gini a unguwar Murabba, da muke haɗuwa a masallaci mu ci shinkafa tare bayan Juma'a. Ran nan na ce ya zo in rage masa hanya. Ina murɗa makulli Mafaɗaci ya fashe da ihu, don na manta ban sauya ba. Dattijo ya dafe ƙirji.

"Subhanallahi! Ɗan'uwa, mutanen ɓoye ne a motar taka?"

"Wallahi Alhaji kayan ɗan kafili ne," na ce, ina kashewa. "Haka motar take yi wani lokaci."

"To ka riƙa tofa mata addu'a."

Kayan ɗan kafili ne, ban yi ƙarya ba a nan. Amma na ji wani iri a raina, kamar na haɗu da abokina a kasuwa na yi kamar ban san shi ba.

Haka muka yi ta tafiya har motar ta tsufa. Sanyinta ya fara rauni, Mama ta fara ƙorafi. Wata Talata kafilina ya kira ni bakin ƙofa ya ce an sayi sabuwa, jibi in kwashe kayana daga tsohuwar in kai ta haraj, kasuwar da ake gwanjon motoci. Na ce hadir. Na kwashe darduma da buta da asawaki da tsumman goge gilashi, abin bai ɗauki minti biyar ba. Sannan na buɗe but na tsaya ina kallon ɗan akwatin nan.

Ba wanda ya san yana wurin. Da na zare shi na sa a ƙarƙashin katifa, har abada ba mai tambaya. Amma shekara goma ban ɗauki ko biro a gidan nan ba, an bar mini zinariya a kujerar baya na mayar, ba zan fara da faifai ba. Na ce zan roƙa. Mai su ya dawo daga karatu shekara biyu da suka wuce, ya zama magidanci, yana zaune a saman bene da matarsa, yana jan motarsa da kansa. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Yana ce mini ya amm, wato baffa, ni ina ce masa ya ustaz.

To a nan na yi wautar. A garinmu babba ba ya buɗe baki ya ce wa wanda ya girma "ba ni". Kewayawa ake yi. Ka ambaci abin, ka ɗan yaba shi, ka yi shiru. Mai abu in ɗan halak ne zai gane, ya ce ai ka riƙe. Kai kuma ka ce haba, a'a. Ya ce wallahi sai ka riƙe. Sannan ka karɓa da mutuncinka, shi ma ya bayar da nasa. Haka na ga ubana yana yi, haka na yi duk rayuwata, ban taɓa tunanin akwai inda ba a jin wannan yaren ba.

Laraba bayan la'asar na same shi a majalisar maza da ke kusa da ƙofa, yana shan shayi yana duba waya. Na cire takalmi, na tsaya a bakin ƙofa, na gaishe shi, na tambayi iyali.

"Ya ustaz, motar nan gobe za ta tafi."

"Na ji, ya amm. Ta yi ƙoƙari."

"Ta yi. Akwai wasu kayanka a bayanta, faifai ne a ɗan akwati. Masu kyau ne, ba abin da ya same su."

Na yi shiru, na sunkuyar da kai, ina jiran ya ce in riƙe. Har na shirya "haba, a'a" ɗina a baki.

Sai ya ajiye kofi ya miƙe tsaye. "Wallah? Suna nan?"

Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Na bi shi zuwa mota, ya buɗe but, ya danna wani ɗan maɓalli, akwatin ya zaro kansa salin-alin. Abin da na yi shekara goma ina tsoro ke nan. Ya riƙa ciro faifan ɗaya bayan ɗaya yana dariya, yana cewa ya Allah, ya Allah, wannan a aji uku na saye shi, wannan abokina ya kawo mini a ɓoye cikin littafi. Ni ina bayansa da taku biyu, inda direba yake tsayawa. Bayan faifan kawai nake gani suna walƙiya a rana, rubutun yana ɓangarensa.

Da ya zo kan na huɗu sai ya daina dariya. Ya riƙe shi, ya fara bin farkon jitar nan da hanci.  Ban taɓa jin wannan sautin daga bakin ɗan Adam mai rai ba. A gaɓa ta uku ya yi kuskure, ya hau inda ya kamata ya sauka, ni kuwa na san daidai ɗin, yana nan a maƙogwarona. Da na buɗe baki na gyara masa, da ya juyo ya dube ni, da Allah kaɗai ya san irin hirar da za mu yi a bakin but ɗin nan.

Ya juyo ɗin kuwa. Ya ce, "Ya amm, ka taɓa kunna su?"

A daidai lokacin kafilina ya fito daga gida da carbi a hannu zai tafi masallaci, ya tsaya yana kallonmu. Dattijo ne da ko talabijin ba ya bari a kunna in ana kiɗa. Ni kuma ga furfura a gemuna.

Na ce, "A'a, ya ustaz. Ni tashar karatu kawai nake ji."

Kafilina ya ce ma sha Allah. Ɗan ya dafa kafaɗata ya ce in yafe masa da ya bar mini wannan hayaniya a mota tsawon shekaru. Da ya yi tunani kaɗan da ya tambaye ni yadda aka yi na san ba abin da ya same su, amma wa yake zama ya auna maganar direba? Ya rungumi akwatin ya shige cikin gida, ta ƙofar da ban taɓa wucewa ba.

Washegari na kai motar haraj. Tafiyar kusan awa guda ce, na yi ta cikin shiru. Na miƙa makulli, na hau tasi na dawo.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan kwana biyu aka miƙo mini sabuwar darduma mai laushi da kwalbar turaren ud ta taga, wai daga ustaz. Labari ya zaga gida cewa direba shekara goma yana zaune da kiɗa a ƙarƙashin yatsansa bai taɓa dannawa ba. Mama ta fara gaya wa ƙawayenta a mota, ina ji, tana cewa irin nasu sawwag ɗin, wato direba, ba a samunsa yanzu. Aka ƙara girmama ni. Ban taɓa jin haushin yabo irin wannan ba, kuma ba wanda zan gaya wa.

Na nema, kada a ce ban nema ba. Na rubuta rok a waya, ta kawo mini waƙoƙi kamar yashi, na yi watanni ina bi ɗaya-ɗaya a wuraren jira, ban dace da nawa ba sai masu kama da su. Daga baya na ji akwai manhajar da in ka yi mata waƙa da hanci take gaya maka sunanta. Na rufe ɗaki na yi mata farkon na huɗu sau biyar. Ta ce waƙar Indiya ce. Da na san da ita lokacin da motar take hannuna, da minti ɗaya ya ishe ni. Yanzu abin ya fara zubewa daga kaina. Gwaggo saura amshi biyu nake iya tunawa, na shida kuwa tafin kawai ya rage.

Bara motar ustaz ta shiga gareji, aka ce in kai shi wurin aikinsa a Dir'iyya da safe. Ya shigo gaba ya zauna kusa da ni, ya gaishe ni, ya toshe kunnuwansa da 'yan abin jin sauti, ya jingina kai ya rufe ido. Muka shiga cunkoso a bayan manyan motocin siminti. Sai na fara jin wani siririn sauti yana tsiyayowa daga kunnensa, tsit-tsit, ganga ce kawai ake iya rarrabewa. Na kasa kunne. Waƙar ƙarshe ce ta faifai na biyar, wadda a da ban damu da ita ba, har tsallake ta nake yi don ta cika tsawo. Na ji ta kamar muryar mutumin garinmu a tsakiyar kasuwar baƙi. 

Iskar sanyin mota tana hana ni ji sosai, sai na miƙa hannu a hankali na rage ta. Motsin ya sa ya buɗe ido. Ya dubi hannuna, ya dubi fuskata, ya yi sauri ya zare abin daga kunnensa, ya danna waya ya kashe.

"Samihni, ya amm, ka yafe ni. Na manta kai ne."

Saura kamar minti biyu waƙar ta ƙare, na san wurin. Kalma huɗu kawai ake bukata, in ce bar shi, ina so. Na dube shi, mutumin da ya yi shekara uku yana gaya wa abokansa irin tsoron Allah na direban gidansu, yana kallona da kunya kamar yaron da aka kama.

"Ma fi mushkila, ya ustaz," na ce. "Ba komai."

Ya sa wayar a aljihu. Da muka isa na sauke shi a bakin ƙofa, ya yi mini godiya, na juya da mota ni kaɗai.